Ranar da Danda Ya Bar Turke

Ruwan da aka yi ranar Lahadi shi ne wanda manoman Dingaya suke jira. Ya sauka a hankali, ya daɗe, ya ratsa ƙasa sosai. Da gari ya waye duk mai shanun noma ya fito da su, domin kowa ya san irin wannan laimar ba ta jira. In ka yi huɗa a cikinta, ka shuka masararka da riɗinka a kan lokaci. In ka bari ta sha iska, sai ka koma zaman jiran wani ruwan, shi kuwa bai yi wa kowa alkawari ba.

Malam Yahuza ma ya fito, amma da sa ɗaya. A da biyu yake fitowa da su, Kyalla da Danda, har in an gama huɗar gida a je a yi wa wasu a samo na cefane. Kyalla ya tafi kara, kasuwar shanu, tun da bazara, lokacin da aka nemi kuɗin makarantar babban ɗansa Bahauddeen, wanda ke koyon aikin jinya a Birnin Kudu. Saura Danda, shi kuwa ba na Malam ba ne.

A gidan nan har yanzu gandu ake yi, kamar yadda Malam Yahuza ya tarar a gidan mahaifinsa. Babbar gona ta kowa ce, kowa ya yi mata aiki, abin da ta bayar uba ne ke da iko da shi, ya ciyar, ya tufatar, ya tare duk lalurar da ta taso. Amma ɗan da ya tasa ana yanka masa 'yar gayauna, ya noma ta da yamma bayan an tashi daga gandu. Abin da ya samu a cikinta nasa ne, ko uba ba ya sa hannu sai an miƙa masa. Da riɗin gayaunarsa Ƙasimu, ƙanen Bahauddeen, ya sayi Danda tun yana maraƙi. Ya yi ta ɗawainiyar dusa da harawa da kanwa har ya zama bijimin da ake juyowa a kalla. Ya ba da aronsa ga gandu da zuciya ɗaya, yana kuma sa ran da abin da Danda zai samo zai yi aure.

Sa ɗaya ba ya jan garma. Wannan ya sa tun kafin ruwa ya sauka Malam Yahuza ya yi magana da maƙwabcinsa Safiyanu, wanda shi ma ya sayar da ɗaya daga cikin nasa don jinyar matarsa. A ƙofar masallaci suka gama maganar, ba ta ɗauke su tsawon saka takalmi ba.

"Kai da ɗaya, ni da ɗaya," in ji Safiyanu. "Allah ne ya haɗa mu. Yau gonarka, gobe tawa."

Sai ga shi da safiyar nan ya iso bakin gona yana jan wani jan bijimi mai kauri. Ƙasimu, wanda shi ne ke riƙe garma, ya ajiye karkiya a ƙasa, ya zagaya jan san sau ɗaya. Ya dubi wuyansa inda gashi ya goge.

"Baba Safiyanu, wannan a wane gefe yake tafiya?"

"Dama mana! Wane mahaukaci ne zai sayar da na dama ya bar na hagu?"

Ƙasimu ya dubi mahaifinsa. Nan take Malam Yahuza ya gane. Danda ma na dama ne.

Wanda bai taɓa bin shanu a gona ba zai ce mene ne a ciki. To, sa tun ranar da aka fara hora shi ake ba shi gefensa, kuma a wannan gefen zai tsufa. Na dama yawanci shi ne mai ƙarfin, shi ke jan ragamar tafiya, shi ya san inda za a juya in an kai ƙarshen kunya. Saboda haka da matsi ya zo, kowanne cikin dattawan nan biyu ya riƙe na damansa ya saki na hagu, kuma babu wanda ya tuna ya tambayi ɗan'uwansa.

"To fa," in ji Safiyanu, yana sosa ƙeya. "Limamai biyu a sallah ɗaya. Wa zai bi wani?"

"A gwada," in ji Malam Yahuza. "Dabba ce, in ta ji tsumagiya za ta bi."

"Baba, ba za su yi ba," in ji Ƙasimu a hankali. "Sai an sake hora ɗaya, kuma ba aikin yau da gobe ba ne."

"Na ce a gwada."

Aka ɗaura jan san a hagu. Ƙasimu ya kama garma, Malam Yahuza ya naɗe igiyar hanci a hannunsa ya shige gaba. Ba su yi nisa ba jan san ya fara tura kafaɗa yana neman gefen da ya sani. Danda ya ga ana shigar masa wuri, ya kai masa ƙaho. Garma ta yi tsalle ta fita daga ƙasa, kunyar ta karkace kamar tafiyar maciji. Wani mai huɗa a gonar da ke maƙwabtaka ya tsayar da nasa shanun ya ɗaga murya.

"Malam Yahuza! Kokawa aka buɗe ne? Ku bari in kira makaɗi!"

Aka sake jerawa, aka sake gwadawa. A karo na uku jan san ya tsorata da tsumagiya ya zabura. Igiya ta zare daga hannun Malam Yahuza da gudu, shi kuwa ya ƙi saki, har sai da ta tafi da fatar tafukansa. Karkiya ta yi ƙara ta rabe biyu. Shanun suka tsaya nesa da juna suna huci.

Safiyanu ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure masa hannayen. Yana ɗaurewa yana magana, kamar yadda ya saba.

"Ni dai nawa asibiti ya ci, ba yadda zan yi. Amma kai, Malam, ɗa da gemunsa har yanzu ba a yaye shi ba? Sa'o'insa su ke kawo wa iyayensu buhu."

"Ya kusa gamawa," in ji Malam Yahuza.

"Bara ma haka ka ce."

Akwai dalilin da ya sa Malam Yahuza bai amsa wannan ba. Ranar da Bahauddeen ya sami gurbin karatu, a gaban jama'a ya ce in dai yana numfashi yaron nan ba zai ɗauki komai ba sai biro. Ya ga yadda wani yaron garinsu ya fara acaɓa don ya taimaki karatunsa, babur ya yi masa daɗi, littafi ya zama labari. Don haka ya hana Bahauddeen kowace irin sana'a, ya ce nasa karatu, na uba nema. Tun daga ranar, duk sanda waya ta yi ƙara aka ce ana bukatar kaza, amsarsa ɗaya ce: akwai. Awaki suka bi ta cikin wannan kalmar, tunkiyar matarsa Barira ta bi, aka buɗe rumbu tun lokacinsa bai yi ba, daga ƙarshe Kyalla. Bai taɓa gaya wa yaron daga ina abin yake fitowa ba, don kada hankalinsa ya rabu.

Da azahar yana zaune a tsakar gida, Barira tana shafa masa man shanu a tafukan, sai wayar ta yi ƙara. Ba ya iya riƙewa, don haka ta danna ta kara masa a kunne. Ƙasimu yana gefe yana ƙoƙarin ɗaure karkiyar da ta karye.

"Baba, barka da rana. An yi ruwa a wajenku?"

"An yi, Baha, alhamdu lillahi. Ya karatu?"

"Lafiya lau. Baba, dama rajistar jarrabawar ƙarshe ce ta fito. Wadda in mutum ya ci ta shi ke nan ya zama ma'aikaci. Ranar Juma'a za a rufe." Ya faɗi kuɗin da ƙaramar murya, kamar mai ba da haƙuri.

"Akwai," in ji Malam Yahuza.

Bakinsa ne ya faɗa tun zuciyarsa ba ta yi shawara ba. Barira ta sauke wayar a hankali. Ƙasimu ya daina abin da yake yi.

Barira mace ce mai kawaici. Ko sunan ɗan farinta ba ta faɗa, saboda kunya irin ta iyaye, sai dai ta ce wancan na Birnin Kudu. Amma yau ta yi magana.

"Malam, akwai a ina?"

"Allah zai kawo."

"Allah yana kawowa, amma ko tuwo da mudu ake auna masa gari. Kai taimakon nan naka ba shi da mudu. Ni na haife shi, ina son ya gama fiye da kowa. Sai dai gidan nan ba shi kaɗai aka haifa ba. Ka gaya masa gaskiya, ai ba yaro ba ne."

"In gaya masa me? Ya yi shekaru yana wahala, ya zo bakin gaɓa in ce ya koma?"

Sai Ƙasimu ya matso ya durƙusa, kansa a ƙasa. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, ka yi mini haƙuri in yi magana. Da aka sayar da awaki ban ce komai ba, na gandu ne. Da aka kai Kyalla kara ba a tambaye ni ba, ga abin da ya jawo yau, shi ma ban ce komai ba. Ni nake noma, Yaya yake karatu, na yarda. Amma Danda na gayauna ne. In gandu ya fara cin gayauna, to ni ban san me nake yi a nan ba. Ranar da Danda ya bar turken nan, ni ma na bar gidan."

"Wa ya yi maka maganar Danda?"

"Ba wanda ya yi, Baba. Na duba gidan ne ban ga saura ba."

Ya tashi ya fita. Malam Yahuza ya bi shi da kallo, yana so ya yi faɗa, amma bai sami abin da zai kama ba.

Washegari ya zaga gari da hannaye a naɗe. Ya fara da masu shanu, ko wani zai yi masa huɗa a biya shi da kaka. Kowa ya jajanta masa, kowa ya ce layi ya yi tsawo, kuma masu kuɗi a hannu ne a gaba. Ya nemi rance wurin mutum biyu da yake ganin ba za su kunyata shi ba. Ɗaya ya nuna masa buhunan takin da ya zuba kuɗinsa a ciki, ɗayan ya ce da farkon damina ko ɗan'uwanka na jini ba ka tambaya. Ya tambayi ko akwai mai san hagu da zai yi musanya, aka yi masa dariya, aka ce wa ke rabuwa da horarren sa a wannan lokaci in ba wanda ya fi shi shiga uku ba. Duk inda ya bi ƙanshin sabuwar huɗa yake ji, kunyoyi baƙaƙe sun miƙe a gonakin mutane. Tasa kuwa saman ƙasar ya fara yin fari.

A hanyarsa ta komawa ya haɗu da dillalin da ya sayar masa da Kyalla. Dillali ya riga ya ji labari, irin wannan ba ya wuce su.

"Malam, sa ɗaya ai baki ne kawai, ci zai yi ta yi. Gobe muna lodin motar shanu zuwa kudancin ƙasa. Ka kawo shi, ka biya wa likitanmu, canjin ka ɗauki hayar masu huɗa. Ka ga tsuntsu biyu."

"Ba nawa ba ne."

"Ɗa da dukiyarsa ai na uba ne. Mu je dai in gani, gani ba saye ba ne."

Malam Yahuza ya gaya wa kansa tambaya ce kawai, don ya sani. Suka shiga, dillali ya buɗe bakin Danda ya duba haƙora, ya daddaki cinyarsa, ya faɗi farashi. Suna cikin haka Ƙasimu ya shigo da dammin ciyawa a ka. Ya gaishe su da ladabi, ya zube ciyawar a gaban Danda, ya wuce ɗakinsa.

"Tambaya kawai na yi," in ji Malam Yahuza ga bayansa.

"Na ji, Baba."

Da sassafe Malam Yahuza ya shirya. Ya ce wa Barira zai je Birnin Kudu ya ji ko makarantar za ta ɗaga musu ƙafa. Shi kansa bai san abin da zai je yi ba. Ya hau acaɓa zuwa bakin titi, ya shiga mota. Duk tsawon hanya yana jujjuya abu biyu a ransa, ko wanne ya ɗauka sai ya ji ɗayan ya fi nauyi. In ya taɓa Danda, ya rasa Ƙasimu, kuma gidan da ba Ƙasimu ba shi da noma. In bai taɓa ba, Juma'a za ta zo ta wuce, maganar da ya yi a gaban jama'a ta faɗi ƙasa.

A bakin babban asibiti, inda ɗalibai ke koyon aiki, ya roƙi wani ya kira masa lambar. Ya zauna a kan benci ƙarƙashin darbejiya. Jim kaɗan sai ga Bahauddeen cikin fararen kaya, yana sauri. Malam Yahuza ya ji daɗin ganin kayan nan, har ya ɗan gyara zama. Da yaron ya matso ya durƙusa, sai ya ga yadda wuyansa ya zurma cikin rigar, ya ga takalminsa ya sha ɗinki.

"Baba, lafiya? Da ka aiko kawai ai. Me ya sami hannunka?"

"Ba komai, ɗan ciwo ne."

"Bari in gani."

Bai jira izini ba. Ya kwance tsumman a hankali, ya duba, ya ce yana zuwa. Ya dawo da auduga da magani da bandeji, ya ɗora hannun mahaifinsa a kan gwiwarsa ya fara wankewa. Ya san inda zai taɓa. Malam Yahuza ya cije leɓe.

"Wannan ƙunar igiya ce," in ji Bahauddeen, bai ɗago ba. "Wane sa ne ya fizge ka haka? Danda ba ya fizga. Kyalla kuwa ko yaro ya ja shi."

Malam Yahuza ya kau da kai.

"Baba, ina Kyalla?"

Masu jinya suna ta wucewa da kwanuka da tabarmi. Wata mata tana tallan kunu a bakin ƙofa. Malam Yahuza ya kafa wa tulun kununta ido, daga nan ya fara magana, kamar da ita yake yi. Ya faɗi na Kyalla, ya faɗi na Safiyanu da jan sansa, ya faɗi gonar da ke bushewa. Bahauddeen ya ci gaba da naɗa bandeji har ya gama, ya ɗaure, sannan ya zauna a ƙasa daɓas da fararen kayansa.

"Awakin fa? Ka ce mini annoba ce."

"Ban ce annoba ba. Na ce sun tafi."

"To wannan akwai ɗin na shekaranjiya, me za a sayar?" Ya dubi fuskar mahaifinsa, ya gane. "Na Ƙasimu? Baba, na gayauna?"

"Ban sayar ba."

"Amma an yi ciniki."

"Tambaya na yi."

Bahauddeen ya rufe fuskarsa da hannu. Da ya buɗe idanunsa sun yi ja.

"Baba, akwai mai kantin magani a bayan kasuwa, tun bara yake nema in riƙa zauna masa da yamma. Abokaina biyu da irin wannan suke ci da kansu, kuma suna cin jarrabawa. Na ƙi, saboda ka hana. Na zauna ina jiƙa gari ina sha don kada in yawaita kira, ina ganin ina sauƙaƙa maka. Ashe ina can ina cin shanu. Me ya sa ba ka taɓa ce mini babu ba?"

"Uba ba ya ce wa ɗansa babu."

"Ƙasimu ma ɗanka ne."

Maganar ta shigi Malam Yahuza kamar ƙaya. Ya dubi hannayensa biyu farare a kan cinyarsa. Kalmar tana nan a maƙogwaronsa, ƙarama ce, amma tun da yaron nan ya fara karatu bai taɓa barin ta ta fito ba.

"Babu, Baha," ya ce daga ƙarshe. Muryarsa ta karye. "Wallahi babu. Na kai iyakata."

"To shi ke nan, Baba. Ana sake yin jarrabawar nan gaba, ba daga wannan aka rufe ba. Zan bi ta gaba, kuma ni zan biya, in ka sake ni in yi aiki. Jarrabawa tana jira. Gona ce ba ta jira."

"Mutane za su ce na kasa."

"Su ce. Ka sake ni?"

"Na sake ka."

Bahauddeen ya shiga ya nemi izinin kwana biyu wurin shugabarsu, ya fito da 'yar jakarsa. Ya ce shi da Ƙasimu za su kama garmar hannu su ceci abin da za a iya ceta, da yamma kuma su fara koya wa jan san Safiyanu tafiyar hagu. Malam Yahuza ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. A tasha ya ga mai sayar da igiyoyi, ya tuna ta Danda ta tsinke a rikicin nan. Ya sa Bahauddeen ya zaro ɗan abin da ya rage a aljihunsa, suka sayi sabuwa, shuɗiya, mai kauri. Malam Yahuza ya rataya ta a kafaɗa. A mota har yana ba da labarin limamai biyu, yana dariya.

Bayan la'asar suka isa gida. Turken yana daga hannun dama in ka shigo. Malam Yahuza ya juya wurin tun kafin ya yi sallama. Ga ciyawar jiya, ga kwatarniyar ruwa, ga kashi bai bushe ba. Danda ba ya nan.

"An kai shi kiwo ne?" ya tambaya, ya kuwa san ba haka ba ne.

Barira tana zaune a bakin ɗakinta, da alama ta daɗe a wurin. A kan turmin da ke kife kusa da ita akwai ƙullin baƙar leda.

"Kana fita ya kwance shi," ta ce. "Na riƙe shi, na yi kuka, bai saurare ni ba. Ya ce ya san ka, ba za ka iya kallon idon yayansa ka ce babu ba. Ya ce da a zo a karɓe masa, gara ya bayar da hannunsa ya sami lada. Ga kuɗin nan, ko na mota bai cira ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Ya ce kuma maganarsa tana nan. Motar da aka loda Danda ita ya hau. Dillali ya ɗauke shi cikin masu kula da shanun a hanya."

Igiyar ta zame daga kafaɗar Malam Yahuza ta faɗi.

"Kira shi. Baha, kira mini shi!"

Sai a kira na uku aka ɗauka. Iska ce ta fara cika wayar, da rurin mota, da kukan shanu. Bahauddeen ya kara wa mahaifinsa a kunne.

"Ƙasimu! Kana ji na? Na ce masa babu! Wallahi na faɗa, ga shi nan tsaye, ka tambaye shi!"

Rurin mota da iska suka danne komai.

"Ƙasimu!"

"Ina ji, Baba." Muryar tana zuwa tana ɗaukewa. "An riga an biya. Danda ba nawa ba ne yanzu."

"To kai fa? Kai ai nawa ne. Ka sauka duk inda kuke, ka dawo. Na sayo masa igiya ma, sabuwa."

Bai san abin da ya sa ya faɗi wannan ba. Daga can ya ji wani sauti, ko dariya ce ko kuka, bai tantance ba.

"Ba zan iya sauka ba, Baba. Bai saba da mota ba, sai faɗuwa yake son yi. In na sake shi za su tattake shi. Bari in kai shi tukuna, in na kai shi…"

Wayar ta yanke. Aka sake kira, aka ce ba a samun lambar.

Malam Yahuza ya taka zuwa turken ya zauna a ƙasa kusa da shi. Bahauddeen ya tsaya a tsakiyar gida, bai san inda zai sa kansa ba. Ya dubi ledar da ke kan turmi ya kau da kai.

"Ba zan taɓa kuɗin nan ba," ya ce. "A ajiye masa."

"Bahauddeen."

Daga shi har mahaifinsa suka ɗago. Tun da ta haife shi ba su taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

"Za ka ɗauka," in ji Barira. "Za ka je ka biya kafin Juma'a, ka zauna ka ci jarrabawar nan, don in ba ka yi ba ƙanenka ya yi asarar sa, ya yi asarar gida, a banza. Abin da ya ragu a ba masu huɗa. Daga wannan kuma an rufe, ko allura ce kai za ka saya wa kanka. In ka fara ɗaukar albashi, ka san turken da za ka fara cikewa."

Bahauddeen ya juya. Ya shiga ɗakin Ƙasimu, ya cire fararen kayan ya ninke, ya fito sanye da tsohuwar rigar noman ƙanensa, wadda ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya ɗauki garmar hannu a bayan rumbu.

"Kafin masu huɗa su zo kanmu ƙasar ta bushe," ya ce. "Bari in fara ko kunya biyu ce kafin magariba."

Ya fita. Malam Yahuza ya yunƙura zai bi shi, ya kai hannu ga ɗaya garmar, yatsunsa suka ƙi rufuwa a kan ƙotar. Ya koma ya zauna. Ya tura wa Barira wayar da bayan hannunsa.

"Sake gwadawa," ya ce. "Wataƙila sun shiga gari."